Therac-25: wace hanyar auna haɗari ce za ta iya hango abin da ya faru?

Tsakanin watan Yunin 1985 da Janairun 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta antaya wa marasa lafiya shida haske mai ƙuna fiye da kima, wasunsu har kusan ninki 100 na abin da likita ya rubuta. Aƙalla uku sun rasu saboda haka. Kamfanin AECL na gwamnatin Kanada ne ya ƙera ta, kuma guda 11 kacal aka girka, 5 a Amurka, 6 a Kanada. Abin da ya hana wannan lamari tsufa a wurin masu rubuta manhajar da rayukan mutane suka rataya a kanta shi ne, ba a rasa yi wa na'urar nazarin haɗari ba. An yi shi a watan Maris na 1983, an rubuta, an fitar da alƙaluma masu kwantar da hankali. Shi ya sa ta dace a yi gwaji da ita: a ɗauko manyan hanyoyin nazarin haɗari huɗu da injiniyoyi ke amfani da su, wato FMEA da FTA da HAZOP da STPA, waɗanda bayanin kowacce zai zo a gaba, a ɗora kowacce a kan na'urar nan, a ga me za ta gani, me zai kuɓuce mata.

Yadda na'urar take

Therac-25 tana gashi iri biyu. Idan ciwon yana kusa da fata, sai ta harba ilektiron kai tsaye da ƙarfi kaɗan, wasu maganaɗisu kuma su baza harbin don kada ya taru a wuri guda. Idan ciwon yana can ciki, sai ta harba ilektiron da ƙarfin da ya kai kusan ninki 100 na farko, amma ba jikin mutum yake samu ba, wani ƙarfe yake bugawa, ƙarfen ya mayar da shi hasken eksire, wani abin tacewa kuma ya daidaita shi. Wani faifai mai juyawa ne ke ɗauke da waɗannan kaya, yana kawo wanda ake buƙata gaban harbin. Faifan yana da matsayi na uku, inda madubi da fitila ke taimaka wa ma'aikaci ya saita kwanciyar mara lafiya. Haɗarin a fili yake: in aka saki harbi mai ƙarfi alhali ƙarfen ba ya gabansa, mutum ne zai sha shi ɗanye.

Yayarta Therac-20 ma tana da wannan haɗari, amma an sa mata sakata ta lantarki da ta ƙarfe wadda ba ruwanta da kwamfuta. In faifai bai zauna daidai ba, harbi ba zai fita ba, ko me manhaja ta ce. A Therac-25 aka cire yawancin waɗannan, aka bar wa manhaja aikin gadi. Manhajar kuwa mutum ɗaya ne ya rubuta ta a kan kwamfutar PDP-11, ya ɗebo wani ɓangare daga tsofaffin na'urorin, kuma babu wani na waje da ya bi ta ya duba.

Abin da ya faru a Tyler

Hatsari na farko ya auku a Marietta ta jihar Jojiya, na biyu a Hamilton ta Ontariyo, na uku a Yakima ta jihar Washinton. Amma a garin Tyler na Tekzas ne asirin ya tonu. Ranar 21 ga Maris 1986, ma'aikaciyar da ke kan na'urar, wadda hannunta ya faɗa sosai a kan madannai, ta buga harafin X na eksire bisa sabo, alhali gashin ilektiron ake so. Nan take ta lura, ta koma sama da madannin kibiya, ta mayar da shi E, ta sauko ta ba da umarnin farawa. Na'urar ta tsaya, allo ya nuna "Malfunction 54", wato matsala mai lamba 54. Ma'aunin da ke allon ya ce awo 6 ne kawai suka fita cikin 202 da aka nema. Ita kuwa ta saba da irin wannan tsaiko, domin na'urar takan yi shi a kai a kai ba tare da wani abu ya faru ba, don haka ta danna P, ma'ana a ci gaba. A ranar na'urar magana da ke tsakanin ɗakinta da ɗakin gashi ta lalace, allon bidiyon kuma ba a jona shi ba. Ba ta san mutumin da ke ciki ya ji kamar an watsa masa wuta ba, yana ƙoƙarin tashi daga gadon sai harbi na biyu ya same shi. An rubuta masa rad 180, rad kuwa shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna ya sha tsakanin 16,500 da 25,000 cikin ƙasa da sakan ɗaya. Ya rasu bayan wata biyar.

Injiniyoyin kamfanin suka zo, suka gwada, ba su iya sa kuskuren ya sake fitowa ba. Suka ce na'urar ba za ta iya wuce kima ba, wataƙila wutar lantarki ce ta ja shi. Aka duba wayoyi ba a ga komai ba, aka mayar da ita aiki ranar 7 ga Afrilu. Ranar 11 ga wata abin ya sake faruwa, a hannun ma'aikaciyar nan dai, kuma wannan mara lafiyar mako uku kawai ya yi ya rasu. Masanin kimiyyar haske na asibitin ne ya zauna da ita suna ta maimaita abin da ta yi har suka gano sirrin: sauri. Na'urar tana ɗaukar kamar sakan 8 wajen saita maganaɗisunta, kuma duk gyaran da aka kammala cikin wannan ɗan lokaci, ɓangaren manhajar da ke saita ƙarfin harbi ba ya ganinsa. Allo zai nuna E, faifai zai juya zuwa matsayin ilektiron, amma ƙarfin zai zauna a na eksire.

Hatsari na shida, a Yakima cikin Janairun 1987, wani kuskure ne daban. Akwai wata ma'ajiyar ƙirga a manhajar da ake ƙara wa ɗaya a kowane zagaye, kuma matuƙar ba sifili ba ce, sai an duba matsayin faifai. Amma iyakar abin da take iya riƙewa 255 ne, don haka a kowane zagaye na 256 sai ta koma sifili, a tsallake dubawar. Ma'aikaci ya danna maɓalli daidai wannan ƙiftawar ido, harbi ya fita alhali faifan yana matsayin madubi.

Nazarin 1983 da bishiyar da ba ta da reshe

Hanyar da kamfanin ya bi ita ce FTA, wadda aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a farkon shekarun 1960 domin makami mai linzami na Minuteman. Ana farawa ne daga sama. A rubuta mugun abin da ake tsoro, misali "mara lafiya ya sha haske fiye da kima", sannan a riƙa saukowa ana tambayar me zai jawo shi, ana zana rassa kamar bishiya. Inda abu ɗaya kaɗai ya isa ya jawo, sai a haɗa rassan da "ko". Inda sai biyu sun taru, a haɗa su da "da". A ƙarshe a ba kowane ganye adadin yiwuwarsa, a lissafa zuwa sama.

Masu nazarin sun shimfiɗa sharuɗɗansu tun farko. Sun ce gwaji mai yawa ya rage kurakuran manhaja, saboda haka ragowar ba sa cikin lissafi. Sun ce manhaja ba ta tsufa ba ta gajiya. Sun ce in kwamfuta ta yi kuskure, daga lalacewar sassanta ne ko hayaniyar lantarki. Sai suka ba "kwamfuta ta zaɓi ƙarfin da ba daidai ba" yiwuwar 1 cikin biliyan 100, suka ba "kwamfuta ta zaɓi yanayin da ba daidai ba" 4 cikin biliyan 1. Nancy Leveson da Clark Turner, waɗanda suka wallafa cikakken binciken lamarin a 1993, ba su ga wata hujja da aka kafa waɗannan alƙaluma a kanta ba.

Mutane da yawa sukan tsaya nan su ce FTA ta gaza. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Bishiyar da aka zana da gaskiya, ko ba a sa mata adadi ko ɗaya ba, za ta fallasa matsalar. A Therac-20, kafin mugun abu ya faru sai manhaja ta yi kuskure kuma sakata ta ƙi aiki, mahaɗar "da" ke nan. A Therac-25 mahaɗar ta ɓace, reshe ɗaya ne tal daga kuskuren manhaja zuwa jikin mutum. Duk injiniyan da ya ajiye zanen biyu gefe da gefe zai gani da idonsa. Hujjar ma ta bayyana daga baya, domin an gano kuskuren saurin nan yana cikin Therac-20 ita ma. A wata cibiya a Chicago, inda ɗalibai ke koyon aiki da ita, abin da yake jawowa kawai shi ne fiyus ya ƙone na'ura ta mutu. Babu wanda ya ji ciwo.

Adadin ne ya rufe ido. Lissafin yiwuwa yana da ma'ana ga bawul ko fanfo ko waya, domin an tara bayanan dubbansu an san bayan sa'o'i nawa suke sarewa. Manhaja ba haka take ba. Duk ranar da sharaɗin kuskurenta ya cika, sai ta yi shi, ba fashi. Idan ƙwararriyar ma'aikaciya ta gyara X zuwa E cikin sakan 8, yiwuwar ba 1 cikin biliyan 100 ba ce, tabbas ce. Tambayar da ta rage ita ce sau nawa ma'aikata ke gyara cikin sauri, amsar kuwa tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda suke ƙwarewa. Ƙa'idar IEC 62304 ta manhajar kayan asibiti, wadda ta fito a 2006, ta ɗauki wannan darasi kai tsaye: wajen tantance matakin haɗarin manhaja, a ɗauka kawai za ta yi kuskuren, ɗari bisa ɗari, sannan a tambayi me zai kare mutum.

Neman abin da ya karye

FMEA ta girmi sauran, daga rundunar sojan Amurka ta fito a 1949, kuma daga ƙasa take farawa. A jera sassan na'ura ɗaya bayan ɗaya, a tambayi ta yaya kowanne zai lalace, me zai biyo baya, za a gane ko ba za a gane ba. Irin wannan tunani ne kamfanin ya yi bayan hatsarin Hamilton. Ya shiga neman sashen da ya karye, ya zargi wasu ƙananan makunnai da ke shaida matsayin faifai, ya gyara su duk da bai iya tabbatar da cewa su ne ba, sannan ya sanar da cewa amincin na'urar ya ƙaru ninki 100,000. Bayan wannan sanarwa mutum huɗu suka sake ƙonewa.

A Tyler babu abin da ya karye. Madannai lafiya, faifai lafiya, maganaɗisu lafiya, kowane ɓangaren manhaja ya yi abin da aka rubuta masa. Haɗarin yana tsakaninsu ne, a cikin wa ya riga wa, kuma jadawalin da ke bin sassa ɗaya-ɗaya ba shi da layin da zai rubuta wannan. Amma kada a raina ta gaba ɗaya. Da an sauke ta har kan ma'ajiyoyin manhaja, an tambayi "me zai faru in wannan ta zama sifili ba da niyya ba?", da wuya kuskuren Yakima ya tsira. Cikin hanyoyin huɗu ita ce mafi kusa da kama shi. Matsalar ita ce ma'ajiyoyi suna da ɗimbin yawa, sai wani abu ya fara nuna maka waɗanda rai ya rataya a kansu.

Wanda ya kamata a gayyata

HAZOP daga masana'antar sinadarai ta zo, kamfanin ICI na Birtaniya ne ya rene ta a shekarun 1960. Taro ake yi. A ɗauki kowane mataki na aiki, a riƙa jefa masa kalmomi: babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, akasi, wani abu daban, da wuri, a makare, kafin, bayan. A nan kalmomin lokaci su ne masu amfani. "Gyara kafin maganaɗisu su gama zama" jimla ce da za ta iya fitowa a irin wannan taro ba tare da wahala ba.

Sai dai ƙarfin HAZOP yana ga waɗanda ke zaune a teburin. Injiniyoyin da suka zo Tyler sun kasa ganin kuskuren ne domin a hankali suke buga madannai, suna bin littafi. Sai da aka gaya musu maganar sauri sannan ya fito musu. Da a ce akwai ma'aikaciyar asibiti guda a taron tun ana zana na'urar, ita ce za ta ce musu ai mu mukan yi kuskuren X da E kullum, mu gyara ba tare da mun kalli allo ba, kuma P ɗin nan dannawa kawai muke yi. Wannan ilimi ba ya cikin kowane zane.

Na'ura da mutum a zane ɗaya

STPA ita ce ƙaramarsu, kuma Leveson ɗin nan ce ta jami'ar MIT ta gina ta a shekarun 2000. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa: hanyar da mai binciken Therac-25 ta ƙirƙira ba abin mamaki ba ne ta dace da Therac-25. Duk da haka ina ganin ta cancanci yabon.

Ba ta tambayar me zai lalace. Tana zana waye ke ba wa umarni, da kuma wane bayani ke komowa. Ma'aikaci yana umartar manhaja, manhaja tana umartar harbi da faifai, ma'aunai suna mayar da rahoto. Kowane umarni sai a tambaye shi abu huɗu: yaushe ba da shi zai zama haɗari, yaushe rashin ba da shi, yaushe zuwansa da wuri ko a makare ko ba bisa jeri ba, yaushe tsayar da shi da wuri ko barinsa ya daɗe. Umarnin "saki harbi" nan da nan zai ba da layin nan: an saki harbi mai ƙarfi alhali ƙarfe ba ya wurinsa. Sai a bi da tambaya ta biyu, wadda ita ce gishirin hanyar: me zai sa mai ba da umarnin ya yi zaton komai daidai ne? Amsar ita ce hoton da ke kansa ya saɓa da abin da ke ƙasa. Manhajar tana da ɓangarori biyu da kowanne ke riƙe da nasa hoton, ɗaya ya ga gyara, ɗaya bai gani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ɗaukar ma'aikaciyar. A sauran hanyoyin, danna P da ta yi zai shiga ƙarƙashin "kuskuren ɗan Adam" a wuce. STPA sai ta tambayi me ta sani a lokacin. Ta ga lamba 54 wadda takardar da ke jikin na'urar ba ta yi mata wani bayani mai amfani ba. Ta ga awo 6 cikin 202, domin ma'aunan sun cika sun tumbatsa har suka ba da ƙaramin adadi. Ba ta ji mara lafiya, ba ta ganinsa. Na'urar kuma ta ɗauki matsalar a matsayin ɗan tsaiko, wanda ake iya wucewa da maɓalli ɗaya har sau biyar. Da wannan bayani, duk mai hankali abin da zai yi ke nan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan giɓi abu ne da za a iya rubutawa a matsayin sharaɗin ƙira tun kafin a rubuta layin manhaja ko ɗaya. Zanen kuma yana hawa sama, zuwa asibiti da kamfani da hukumar FDA ta Amurka mai sa ido kan magunguna da kayan asibiti, inda ake ganin rahoton hatsari ba ya isa ga sauran masu amfani da na'urar. A Tyler an shaida wa asibitin cewa ba a san da wani hatsarin wuce kima ba, alhali an riga an yi uku.

Tana da nata rauni. Ba ta ba da adadi, hukumomi da dama kuwa adadi suke nema. Takan haifar da dogon jerin yanayi wanda sai an zauna an tace. Kuma ba ta leƙa cikin manhaja, saboda haka ba za ta ce maka ma'ajiyar ƙirga za ta cika a 256 ba. Abin da za ta ce shi ne kada a taɓa sakin harbi sai wani abu mai zaman kansa ya tabbatar da matsayin faifai. Wannan sharaɗi ɗaya ya rufe Tyler da Yakima duka, ba tare da an san ko ɗaya daga cikin kurakuran ba.

A nan ne nake ganin ma'aunin gaskiya na kwatanta hanyoyin yake. Kowa zai iya nuna hanyarsa tana kama kuskuren da aka riga aka sani, wannan ihu ne bayan hari. Abin tambaya shi ne wace hanya ce za ta ƙalubalanci shawarar cire sakata a lokacin da ake yanke ta. STPA za ta yi, domin ana iya gudanar da ita tun na'ura tana takarda. FTA za ta yi in an hana ta ƙirƙirar adadi ga manhaja. HAZOP za ta iya, in an gayyaci masu aiki da hannu. FMEA sai an gama ƙira take samun abin dubawa, don haka wurinta na baya ne, a kan 'yan sassan da sauran suka nuna. Da ni ke jagorantar irin wannan aiki, da wannan jeri zan bi, kuma duk inda na ga adadi a gefen kalmar manhaja sai na nemi a nuna mini inda aka samo shi.

Gyaran da aka yi ya bi wannan hanya, amma a makare. Matakin farko da kamfanin ya ɗauka bayan Tyler shi ne ya rubuta wa asibitoci su cire madannin kibiyar sama, su sa salatif a gurbinsa, ba tare da ya bayyana musu haɗarin ba. FDA ta ce wannan bai wadatar ba, ta ayyana na'urar a matsayin mai lahani ranar 2 ga Mayu 1986. An gyara kuskuren sauri, sai na Yakima ya ɓullo, domin ana bin kurakurai ɗaya-ɗaya ne. Sai a 1987, bayan an nemi a dakatar da na'urorin, aka amince da shirin da ya haɗa da da'irar lantarki mai kashe harbi da zarar bugu ɗaya ya wuce kima, da ma'aunin matsayin faifai wanda ba ya bi ta manhaja, da saƙonni masu ma'ana a madadin lambobi, da hana wucewa da P idan matsalar ta shafi yawan haske.

Akwai abin da babu wata hanya cikin huɗun da za ta yi wa kamfani, shi ne ya yarda ya sake buɗe nazarinsa idan labari ya zo daga asibiti. Bayan hatsarin farko a Marietta, cikin Yunin 1985, masanin kimiyyar asibitin ya kira kamfanin ya tambaya ko na'urar za ta iya harba ilektiron ba tare da maganaɗisu sun baza shi ba. Tambayar nan daidai take da wadda ya kamata ta zauna a saman bishiyar 1983. Bayan kwana uku aka amsa masa cewa hakan ba zai yiwu ba. Wata tara ke tsakanin wannan amsa da hatsarin farko na Tyler.